Ruwan Wa Ake Aunawa? Sharhi Kan Daminar Kudancin Kano

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Kwanar Ɗangora da sassafe cikin watan Yuni, bayan an kwana da hadari, ya san tambayar da ke bin bayan gaisuwa. An ce "Ina ruwa?", an amsa "Ruwa ya yi gyara", sai kuma a dubi wanda ya sauko daga mota a ce, "Ku kun samu?" Mutumin Yako ya ce sun samu na shuka. Na Zuwo ya ce su yayyafi ne kawai, ko ƙura bai kashe ba. Wani da ya taso daga wajen Ɗariya ya ce su kam har ya ci musu kunya. Dare ɗaya ne, hadari ɗaya ne, kuma babu wanda ke mamakin wannan saɓani, domin kowa ya taso ya ga ruwa yana yin gona ya tsallake gona.

Abin da ya dame ni shi ne wannan sani da ke bakin kowane manomi ba ya shiga takarda. In aka zo rubuta rahoto, ko tsara rabon iri da taki, ko lissafin diyyar asara, sai a ɗauko adadi guda a ce ga ruwan da ake samu a "Kano". Ra'ayina shi ne adadin nan aro ne. An auno shi a wani wuri da ba gonakinmu ba, kuma an tara shi a jimlar shekara, alhali abin da ke raya shuka ko ya kashe ta yana faruwa ne kwana da kwana. Muddin haka ta ci gaba, duk muhawarar da ake yi kan ko damina ta canja a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za ta tsaya ne a kan ji da zato.

A duba yadda ƙasar take. Daga Bebeji, inda madatsar Tiga da tafkin Bagauda suke, mutum yana gangarawa kudu ƙasa tana sauya kama a idonsa. Itatuwa suna ƙara kauri, ciyawa tana ƙara tsayi, gero yana ja baya, masara da dawa da shinkafa da rake da waken soya suna karɓe fili. In ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, wanda ke da nisan kusan kilomita 150 daga birni, sai ya iske kansa a ƙasar duwatsu, har zuwa Riruwai mai tsohon tarihin haƙar kuza. Masana yanayin ƙasa, irin su Farfesa Olofin na Jami'ar Bayero, sun daɗe da nuna cewa ruwan jihar yana ƙaruwa ne daga arewa zuwa kudu: birni da kewayensa suna samun wajen milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, ƙarshen kudu kuwa yakan kai 1,000 har ya haura. Damina takan riga sauka a Doguwa, kuma ta fi jimawa kafin ta ɗauke. To amma ma'aunin ruwan da aka fi dogara da shi, wanda alƙalumansa suka fi yawo a littattafai, yana filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Na biyu mai dogon tarihi yana Samaru ta Zariya, a Cibiyar Binciken Aikin Gona. Yankin da ya fi ciyar da jihar da masara ya faɗo a tsakanin su biyun.

Ba raina tsohon kundin ruwan birni nake yi ba. Dukiya ce babba, domin tun 1905 ake rubuta ruwan birnin Kano, kuma garuruwa kaɗan ne a wannan shiyya ta Afirka ke da irinsa. Shi ne ya tabbatar da abin da kakanni suka ba da labari, cewa ruwan 1913 ya gaza ƙwarai, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Shi ya nuna shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun yalwa ne, zamanin dalar gyaɗa. Daga ƙarshen shekarun 1960 layin ya fara sunkuyawa, har 1973 da birni ya samu kusan rabin abin da ya saba. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bi diddigin yadda talakawa suka rayu cikin waɗannan shekaru a littafinsa na 1989. Sai ga Agustan 1988, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Daga shekarun 1990 zuwa yau jimlar ruwa ta farfaɗo, har ana samun shekarun da birni kansa ke haura milimita 1,000.

A nan ne rigimar take. Kundi ya ce ruwa ya dawo. Dattijon da ya shekara hamsin yana huɗa a Burun-Burun ko Gwarmai ya ce a'a, damina ta lalace. Sau da yawa ɗan boko yakan ɗauki maganar dattijon a matsayin begen zamanin da ya wuce, shi kuma dattijon ya ɗauki alƙaluman a matsayin zancen ofis. Ni ina ganin kowannensu gaskiya yake faɗa, abin da suke aunawa ne ya bambanta. Kundi yana tara duk ɗigon da ya faɗi daga Mayu zuwa Oktoba ya ba da jimla. Dattijo yana tuna sau nawa ya sake shuka, kwana nawa masara ta yi tana naɗe ganye da tsakar rana, da kuma ranar da ruwa ɗaya ya share masa takin da ya zuba.

Akwai binciken da ke mara wa dattijon baya. A 2017 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na Ingila suka wallafa nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35 a mujallar Nature, suka nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wato ruwan ya dawo, amma da wani hali: yana zuba da yawa a lokaci guda. Doguwa ba Sahel ba ce, tana kudu da shi sosai, kuma wannan ma dalili ne na a auna tata daminar da kanta maimakon a yi mata kwatance da ta maƙwabta.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ya kamata kowane ɗan sakandare a yankin ya iya shi. Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. In aka yi milimita 50 cikin awa ɗaya, hektar nan ta karɓi lita 500,000, kimanin duro 2,500 ke nan. Ƙasa ba ta iya shanye wannan cikin awa guda, balle jangargari mai tauri ko gonar da ke kan gangare a gindin dutse. Mafi yawansa zai bi kwarin kunya ya fice, ya tafi da ƙasar sama da takin da ke cikinta, ya je ya faɗaɗa kwazazzabo. Wannan milimita 50 ɗin, da a ce ya zo kashi biyar cikin mako biyu, da ya zama abinci. A kundin shekara kuwa duk ɗaya aka rubuta su.

Sannan abin da ake shukawa ma ya canja. Kakanninmu sun dogara da dawa da maiwa da gero, masu haƙurin ƙishi, waɗanda ke iya tsayawa cak su jira ruwa ya dawo. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, da zuwan ingantaccen iri da takin zamani da ayyukan bunƙasa noma irin na Funtuwa da kuma na hukumar KNARDA daga baya, masara ta mamaye wannan shiyya. Masara tana biya, amma ba ta da haƙuri. Jimlar da take bukata, milimita 500 zuwa 800, kusan kullum ana samunta a kudancin Kano. Matsalarta lokaci ne. In ruwa ya ɗauke kwana goma ko sha biyu daidai lokacin da take fitar da kai tana shirin goyo, to ko da an yi marka bayan nan, zangarniyar za ta fito da giɓi. Tsaikon da dawa za ta shanye ba a ko lura ba, shi ne zai karya mai masara, ga bashin taki a wuyansa. Saboda haka ko da ruwan bai canja ko kaɗan ba, haɗarin da manomi ke ɗauka ya ƙaru, kuma bukatarsa ta sanin ruwan kwana da kwana ta fi ta mahaifinsa.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar farkon damina. Na sha tsayawa ina kallon yadda manomi ke yanke wannan hukunci. Da gari ya waye bayan ruwan dare, zai tafi gona da fartanya, ya sara a tsakiyar tudu, ya sa hannu ya tona. Yana neman ya ga iyakar inda laima ta tsaya. In ya tarar da busasshiyar ƙasa bayan tsawon yatsa, sai ya karkaɗe hannu ya koma gida. In laimar ta kai kamu guda, ya dunƙula ƙasar ta riƙe ba ta wargaje ba, sai ya aika yaro ya ɗauko sungumi da iri. Wannan awo ne na gaske, kuma ta wata fuska ya fi na kwalba, tunda abin da ƙasa ta riƙe yake dubawa. Abin da ba zai iya gaya masa ba shi ne ko ruwan zai ɗore. A nan ne dogon kundi ke da amfani. Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988 wadda har yau ake amfani da ita: damina ta kama ne in an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Da a ce Kiru tana da rubutun ruwanta na kowace rana na shekara talatin, da an iya gaya wa manomi cewa a shekara goma, sau kaza ruwan tsakiyar Mayu ke yaudara, sau kaza yake ɗorewa. Da wannan sai ya san ko ya zuba irin da ya saya da tsada yanzu, ko ya jira mako biyu. Rubutun filin jirgi ba zai ba shi wannan amsa ba.

Wani zai ce ai tazarar ba ta kai ta kawo ba, ruwan birni da na Bebeji duk kusan ɗaya ne. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan zato. Daga 1990, masu bincike na Faransa tare da hukumar yanayi ta Nijar suka kafa ma'aunai kusan ɗari a wani fili da ke kewayen Yamai, mai faɗin kilomita ɗari da 'yan kai ta kowane gefe. Abin da suka gani ya girgiza masana. A damina guda, wurin da ya fi samun ruwa yakan sami kusan ninki biyu na wanda ya fi ƙaranci. A 1992 an samu tashoshi biyu da tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, amma bambancin jimlarsu ya haura milimita 200. Dalili kuwa shi ne yawancin ruwanmu daga hadura ne masu tasowa daga gabas su nufi yamma, kowanne da inda cibiyarsa ke zubarwa da inda gefensa ke wucewa da iska kawai. Wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke nan. Ina ga inda duwatsun Riruwai ke tare iska, ga daji, ga kuma tafkin Tiga mai faɗin murabba'in kilomita 178?

Hukumar Yanayi ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla ma'auni ɗaya a kowace murabba'in kilomita 575 a fili, ɗaya a kowace 250 a ƙasar duwatsu. Ƙananan hukumomin nan huɗu sun haura murabba'in kilomita 4,000 in aka haɗa su, wato bakwai ko takwas ne mafi ƙaranci, kuma wannan don lissafin koguna ne, noma ya fi haka bukata. Ban ce babu ma'auni ko ɗaya a yankin ba. Ana aunawa a madatsu da tashoshin bincike da wasu ofisoshin gona. Abin nema shi ne rubutu na kowace rana, wanda bai yanke ba tsawon shekara talatin, wanda kuma malamin gona ko shugaban ƙungiyar manoma zai iya zuwa ya buɗe ya karanta.

Ko inda ma'aunin yake, adadin da ya fito daga cikinsa ba wahayi ba ne. Ma'aunin ruwa mazurari ne da kwalba, sai ɗan bututun gilashi mai zane da ake juye ruwan a ciki. Ƙa'ida ita ce a kafa shi a tsaye daram, a fili, nesa da gini ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a kuma karanta shi kowace safiya a lokaci guda. Yanzu a ɗauka an kafa shi a harabar ofis shekara ashirin da suka wuce, kusa da ɗan dashen darbejiya. Yau darbejiyar ta zama inuwar ajiye babura, tana tare rabin ruwan da ke zuwa da iskar gabas, kundi kuma zai nuna ruwa yana raguwa shekara bayan shekara alhali itace ne ke girma. Iska mai ƙarfi kan sa ɗigo ya tsallake bakin mazurari, don haka a ranar babban hadari ma'auni yakan rage. In mai karantawa ya yi tafiya ranar Juma'a bai dawo ba sai Litinin, ruwan kwana uku zai shiga layi guda, wani ma ya ƙafe, sai ya zama kamar an yi ruwa ɗaya mai yawa bayan tsaiko. Mafi muni shi ne a rubuta sifili a ranar da ba a duba ba, domin daga nan babu mai iya bambance ranar da ba a yi ruwa ba da ranar da ba a zo aiki ba. Tsofaffin takardu kuma da inci aka rubuta su, inci ɗaya milimita 25.4, kuskure kaɗan wajen juyawa ya isa ya ƙirƙiro fari ko ambaliyar da ba a taɓa yi ba. Na'urorin zamani masu aika saƙo da kansu sun rage wasu matsalolin, amma su ma gizo-gizo da ƙura da kashin tsuntsu kan toshe su, batir ya mutu, kuma sukan rage lissafi in ruwa ya yi tsanani. Duk wannan gyaransa mutum ne mai kula, wanda ake biyansa hakkinsa kuma ake duba aikinsa.

Tauraron ɗan'adam fa? Yana da amfani ƙwarai, kuma akwai kundin da ke ba da ƙiyasin ruwa tun daga 1981 a kan kowane yanki mai faɗin kusan kilomita biyar. Sai dai ba ruwa yake gani ba, sanyin saman gajimare yake aunawa ya yi ƙiyasi, sannan a daidaita ƙiyasin da ma'aunan ƙasa. Inda ma'aunan suka yi ƙaranci, daidaitawar ma takan yi rauni. Haka batun yake ga hasashen da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, mai faɗin ranar saukar damina da ranar ɗaukewarta ga kowace ƙaramar hukuma. Aiki ne mai kyau, na kuma so a ce kowane manomi yana jin sa da Hausa a kan lokaci. Amma rana guda ga Doguwa gaba ɗayanta, daga Falgore har Zainabi, ba za ta dace da kowa ba. Kuma in kaka ta yi, da me za a gwada hasashen a ga inda ya dace da inda ya kauce, in ba a auna abin da ya sauka ba?

Zancen ya wuce gona ɗaya. Inshorar noma da ake ta kwaɗaita wa manoma, musamman irin wadda ke biya bisa ma'aunin yanayi, tana iya zama zalunci in tashar da aka ɗaura ta a kai tana da nisa: gonarka ta ƙone, tasha ta ce an yi ruwa, ba ka da ko sisi. Zaɓen iri ma haka, tsakanin masara mai kwana 85 da mai kwana 120 akwai bambancin buhuna masu yawa, kuma tsawon daminar wurin ne ke raba gardama. Wanda ya ga yadda ruwa ya ɗauke da wuri a Satumbar 2007 ya san abin da nake nufi. Sannan ga Tiga. Madatsar da gwamnatin Audu Baƙo ta gina tsakanin 1971 da 1974 tana cika ne da ruwan da ke sauka a Doguwa da Tudun Wada da ƙasashen da ke kudu da su. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, da shi birni ke sha, ragowarsa kuma ke isa fadamun Haɗeja da Nguru. Mai kula da ƙofofin madatsa yana bukatar sanin abin da ya zuba a saman kogi tun kafin ya iso gare shi. Bagauda a 1988 da madatsar Alau ta Maiduguri a Satumbar 2024 sun isa gargaɗi.

Na san akwai masu jin cewa ruwa na Allah ne, auna shi shisshigi ne. Ruwa na Allah ne, babu ja, shi ya sa in ya tsaya muke fita sallar roƙo. Amma malamanmu na da su ne suka riƙe lissafin taurarin damina, Nasara da Ɗarfa da Jabha da sauransu, suna gaya wa manoma wanda ake ciki da abin da aka saba gani a cikinsa. Manoma kuma suna lura da isowar shamuwa da juyawar iska da tohon itatuwa. Duk wannan lura ce da ayoyin Ubangiji, ma'auni kuwa ƙari ne a kanta, mai riƙe abin da ƙwaƙwalwa ke mantawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake ganin manomin ne ya fi cancanta a damƙa wa ma'aunin. A Mali an fara haka tun 1982: aka raba wa manoma ma'aunai masu sauƙi, suna karantawa da kansu, suna haɗa abin da suka gani da shawarar da ake watsawa a rediyo kan lokacin shuka da zuba taki.

Ƙananan hukumomin nan huɗu suna da mazaɓu 50. A kafa ma'auni ɗaya a kowace mazaɓa, a filin makarantar firamare ko sakandare, a ɗora wa malami ɗaya da manomi ɗaya alhakinsa, da ɗan alawus da ba ya yankewa. A rubuta a littafi mai bango, a kuma aika adadin ta waya kowace safiya zuwa sashen gona na ƙaramar hukuma. Kwafi ɗaya ya je KNARDA, ɗaya NiMet, ɗaya Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, domin in wani ya yi sakaci wani ya adana. A riƙa karanta alƙaluman a rediyo, a liƙa su a ƙofar dagaci. Kuɗin ma'aunai hamsin bai kai na motar ofis guda ba. Wahalar tana wajen ɗorewa, domin amfanin kundin ba zai cika ba sai bayan shekara talatin, lokacin da duk wanda ya sa hannu a takardar ya daɗe da barin kujera.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisun da ke wakiltar yankin, da hakimai da ƙungiyoyin manoma: ku sa wannan a kasafin bana, a kafa ma'aunan cikin watan Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka.